Gwangwanin Shayi da Fim Lamba Huɗu

Ban mari jandarma ba. Bari in fara da wannan, don na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba sa wurin. A Magariya an ce na mare shi har hularsa ta faɗi. A Dungas an ce zinariya na ɗauko daga Ingila, tsallaken iyakarmu ta kudu, na ɓoye a gwangwanin shayi. Matan unguwarmu kuwa cewa suka yi karatun lakwal, wato boko, ne ya hau mini kai, har na watsar da saƙon mutane a ƙasa na kunyata gwaggona a bainar jama'a. Na ƙarshen nan kaɗai yake da ƙanshin gaskiya, shi ma ba yadda suke faɗa ba ne. Ranar nan ba ta fita raina ba, ba kuma za ta fita ba. Ga yadda aka yi, don abokan aiki da waɗanda za su shigo bayanmu. Wanda ya karanta ya daina tare ni a bakin biro, wato ofis, yana tambaya.

Sunana Ramatu, sakatariya ce ni a ma'aikatar kiwo ta Magariya. Aikina buga takardu, riƙe littafin allurar shanu, da bin likitan dabbobi ƙauye in yi masa magana da mata, don matan ruga ba sa sakin jiki da tafinta namiji. Likitan Bafaranshe ne. Sunansa yana karya harshe, kowa Mai-Allura yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Yana da kyamara mai ido biyu da ake leƙawa ta sama, duk inda muka je tana wuyansa.

A wani ƙauye gabas da Kwaya akwai burtali, wato hanyar da ake bar wa shanu tsakanin gonaki don su isa rijiya ba su taɓa shukar kowa ba. Mutanen Ardo Buba ke bin ta, masu kiwo ne masu noma kuma, sun daɗe a wurin tun kafin a haifi ubana. An kafa wa hanyar iyaka da duwatsun marmara, ɗauko su aka yi daga nesa don ƙasarmu yashi ce. Da muka je allura a farkon bazara, Ardo ya ja Mai-Allura gefe ya nuna masa yadda sharar gonar Alhaji Ɗan Tanimu, babban mai sayen gyaɗa, take matsowa kusa da duwatsun. Mai-Allura ya ɗauki hoton duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gawon da ke bayansa, da rijiyar can nesa. Bayan mako biyu muka koma, muka tarar da leburori suna tone duwatsun suna ɗora wa jakuna. Ya ɗauke su su ma, fuskokinsu a fili, har da wakilin Alhaji a tsaye yana nuna musu da sanda.

Da magana ta je gaban kumandan, Baturen da ke mulkin Magariya, Alhaji ya ce shi bai taɓa ganin dutse a wurin ba. Ardo ya rantse akwai. Kumandan ya ce baki da baki ne, a kawo masa abin da ido zai gani. Ga damina ta kusa. Kowa ya san in ruwa ya sauka aka shuka gyaɗa a wurin, ba mai tumɓuke shuka, kuma hanyar da ta kwana shekara ɗaya a matsayin gona ta zama gona ke nan. Shanun Ardo sai su yi zagayen rabin yini kafin su sha ruwa, ko kuwa mutanen su tashi.

Hujjar tana cikin fim shida da ba a wanke ba. A Magariya ba mai wankewa. A Damagaram akwai mutum ɗaya, amma a shagon Alhaji yake haya. Ni na gaya wa Mai-Allura haka, don shi bai sani ba. Ya ce to sai Yamai, a babban biron ma'aikatarmu. Shi allurar shanun garin Mallawa ta riƙe shi, ni kuma dama an kira ni konkur, wato jarrabawar buga takarda, a can. Aka ce in bi jirgin sama na ranar Talata daga Damagaram.

Mai-Allura ya zaunar da ni ya koya mini shirya kayan, ya maimaita sau uku kamar mai magana da kurma. Zan faɗa a nan don wata rana wani zai buƙata. Kowane fim nannaɗe yake a jikin ɗan kwarkwaro kamar na zare, da baƙar takarda a bayansa, an liƙe bakinsa. Maƙiyansa haske, zafi da laima. Haske kashe shi yake nan take, zafi kuwa a hankali. Na rubuta wa kowanne lamba da hannuna, muka naɗe su a takardar gwangwani, muka jera su a tsohon gwangwanin shayi mai murfi, muka zagaye bakin murfin da filastar likita. Kyamarar ma za ta tafi don a gyara mata maɓalli: aka cire fim daga cikinta, aka rufe idanunta, aka naɗe ta a tsohon zane mai laushi. Gwangwani a tsakiyar jakar hannu, tufafi kewaye da shi, kyamara a kansa. Sai wata baƙar jaka mai hannuwa biyu kamar na riga, wadda ake zura hannu a ciki a taɓa fim ba tare da haske ya gan shi ba. Mu jakar duhu muke ce mata.

Ya ce, "Babban akwati ba naki ba ne daga lokacin da kika ba su. Za su jefa shi, su zauna a kai, su bar shi a rana. Abin da kike so ya isa da rai, a cinyarki zai tafi."

Ya kuma ce kada wani abu mai ruwa ko mai maiƙo ya shiga jakar hannu, don in jirgi ya yi sama murafu buɗewa suke da kansu. Ban da turare, ban da kafur, ƙamshinsu yana ratsa fim. Na ce na ji. Ya ce in maimaita. Na maimaita ina ƙunci, don ni ba na son a mayar da ni yarinya.

Ga nawa kuskuren, ba zan ɓoye ba. Takardar izinin tafiya tana buƙatar jerin kayan gwamnati da mutum ya ɗauka. Maimakon in buga "fim shida" in yi shiru, sai son tsari ya ɗebe ni, na buga abin da ke cikin kowanne. Lamba ɗaya zuwa uku, duwatsu da itatuwa. Lamba huɗu, leburori suna tone duwatsu. Biyar da shida, rijiya da shanu. Takardar ta bi ta hannun Malam Ilu, tafintan kumandan, kamar kowace takarda. Malam Ilu kuwa 'yarsa tana auren ƙanen Alhaji.

Da na je karɓa, yana zaune yana fifita da ita.

"Madmazel, ashe sama za a hau?"

"Haka aka ce, Malam."

"To me zai sa ki wahala da kaya? Kawo gwangwanin in sa miki a buhun wasiƙu na kurye, ya riga ki isa."

"Buhun da ake zama a kai a bayan kamyo? Na gode, Malam."

Ya yi dariya. "Ke dai ba kya yarda da kowa."

Na ce, "Ina yarda da Allah."

Ban gaya masa gwangwani ne ba. A takarda ma ban rubuta gwangwani ba.

Sai kuma saƙo. Wanda bai taɓa tafiya Yamai daga garinmu ba bai san wannan masifa ba. Da an ji za ka, duk wanda yake da ɗa a soja, ko ƙanwa a gidan aure, ko ɗan'uwan maƙwabci a lakwal, sai ya zo da ƙullinsa. Ba a tambayarka ko kana da wuri. Ba a cewa a'a, don wanda ya ƙi ɗaukar saƙo ya yanke zumunci. Kafin Lahadi ɗakina ya cika da kilishi, daddawa, kuka, yajin jego, tsakin gero, har da wata 'yar tabarma. Duk wanda ya shigo da sallama sai na dubi hannunsa, in dubi idonsa, in ga ko jakar hannuna yake kallo. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta tambaye ni wace rana jirgin zai tashi, sau biyu. Wataƙila tsufa ne. Wataƙila ba tsufa ba ne. Na tura saƙonnin duka a babban akwatina na ƙarfe, baƙi, na kulle. Jakar hannu kuwa ko banɗaki zan shiga sai na rataye ta a ƙyaure ta ciki.

Ranar Litinin da safe muka shiga kamyon kurye, babbar motar da ke kai wasiƙu. Ina hawa na ga Malam Ilu a gaba kusa da shofer, wato direba, wai kumandan ya aike shi Damagaram da takardu. Ya ce in miƙo jakar ya riƙe mini a gaba inda ba ƙura. Na ce ta saba da ƙura. Haka na rungume ta har Damagaram, na lulluɓe ta da mayafina, duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga ta sama kamar jaririya.

Na sauka gidan Gwaggo Indo, ƙanwar babana. Ita ta goye ni ina ƙarama, ita ta tsaya wa babana har ya bar ni na ci gaba da lakwal. Mace ce mai hannu a buɗe da baki a buɗe. Ta ga ina cin tuwo da jaka a cinya ta ce, "'Yar nan, miji kika ɓoye a ciki?" Na ce kayan aiki ne, kada kowa ya taɓa. Iyakar abin da na faɗa ke nan, don na ɗauka in ban yi bayani ba sirri zai fi tsaro. Wannan kuskure na biyu.

Tsarin jirgi shi ne motar kamfani tana zagawa da hantsi ta kwashe manyan akwatuna a kai awo, fasinja kuma su biyo baya wajen azahar. Ranar Talata da safe na ba Gwaggo makullin akwati don ta ce za ta ƙara mini ɗan guzuri. Banɗakin gidanta ba ƙyaure, zana ce kawai, ƙasa kuma jiƙe take. Na tsaya da jaka a hannu ina shawara. Ta ce, "Ke, ajiye ta a kan gadona. A gidan nan aljani zai ɗauka?" Na ajiye. Wanka na yi, ba aure ba. Ina ciki na ji sallamar namiji, na ji ƙugin mota, na ji an tafi.

Na fito na ga jaka a inda na bar ta. Na ɗaga, ta yi nauyi. Na sunkuya, ƙamshin turaren wuta ya buge ni. Na buɗe. A kan kyamara ga gwangwanin man shanu, an ɗaure murfinsa da tsumma. Gefe ga ƙullin turare. Na zura hannu tsakiya, ba gwangwanin shayi.

"Gwaggo! Ina gwangwanin da ke cikin nan?"

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na shayin? Na mayar da shi babban akwati. Shayi ai ba ya zubewa."

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Ji min yarinya. Malam Ilu ne ya zo gaisuwa, ya kawo man shanu a kai wa ƙanwarsa da ta haihu a Yamai. Ya ce lallai a hannu za a riƙe don kada ya kife. Ba wuri, na yi wuri. Turaren kuwa nawa ne, na ba ki ki shiga mutane da ƙamshi."

"Shi ya ce a fitar da gwangwanin?"

Ta tsaya da rariya a hannu. "Cewa ya yi, wannan na shayin ba zai ji komai ba a akwati. Ni ma na ga haka ne."

"Akwatin fa?"

"Mota ta ɗauka."

Ban san lokacin da na sa takalmi ba. Na fitar da man shanun da turaren na dire mata a tsakar gida, na ɗauki jaka na fita. Tana kirana, "Ramatu! Ke Ramatu! Ba ki karya ba!" Na tare wata kamyon yashi da ta nufi wajen filin jirgi, na nuna wa shofer takarda mai hatimi na ce aikin gwamna ne. Bai iya karatu ba, hatimin ya gani.

Filin jirgi fili ne fetal, rumfar kwano ɗaya, sikeli a ƙarƙashinta. Akwatunan da aka gama aunawa an tara su a waje, a tsakiyar rana, suna jiran jirgin da ba zai zo ba sai azahar ta gota. Nawa yana can ƙasa, an ɗora masa buhu biyu. Lokacin bazara ne, wanda ya sani ya sani. Na ture buhunan, na taɓa murfin, sai da na janye hannu, kamar tanda. Makulli yana wurin Gwaggo. Na ɗauki dutse na fasa kwaɗon.

Nan ne aka samo labarin watsar da saƙo. E, na watsar. Gwaggo ta cusa gwangwanin can ƙasa a kusurwa, jikin ƙarfe. Ba ni da lokacin ɗaga kilishin wance a hankali in ajiye daddawar wane da ladabi. Na kwashe na zubar a ƙasa, ƙullin kuka ya fashe, iska ta ɗebe shi. Na ciro gwangwanin da zafi kamar an sauke daga murhu. Filasta tana nan yadda na liƙa. Na ruga inuwar rumfa, na naɗe shi a busasshen tawul, na zauna a ƙasa ina yi masa fifita. Ba a sa masa ruwa, ba a buɗe shi da zafinsa. Jira kawai ake yi.

Ina nan zaune har fasinja suka fara zuwa. Gwaggo ta iso a motar kamfani da gwangwanin man shanu a hannu, ta ga saƙon mutane a ƙasa leburori na tsallakawa. Ta durƙusa ta shiga tsincewa. Can gefe na hango Malam Ilu da farar rigarsa, wai ya zo sa takardun kumandan a jirgi.

Sai ga jandarma a kaina, dogo mai gashin baki.

"Ke ce 'yar Magariya?"

"Ni ce."

"Me ke cikin gwangwanin?"

"Fim na ma'aikatar kiwo. Ga takarda."

Bai karɓi takardar ba. "An gaya mana akwai mai ɗauke da kayan Ingila. Buɗe."

"Wa ya gaya muku?"

"Ni kike tambaya? Buɗe!"

Jirgin cikin gida ne, ba duwan masu tsaron iyaka, ba a binciken kowa. Ɗan kasuwar da ke gabana da jaka kamar rumbu ko kallonsa ba a yi ba. Amma buɗe murfi a inuwa ba ya kashe fim, tunda kowanne a naɗe yake. Na ɓare filasta, na buɗe a kan tabur, wato teburin awo. Na ce, "Ga su, shida. Duba da ido, kada ka warware. In haske ya taɓa cikinsu sun mutu."

Ya sa yatsa yana jujjuya su. Ya buɗe takardar gwangwanin na farko, ya duba, ya ajiye. Na biyu, ya duba, ya ajiye. Ya ɗauki wani, ya duba, bai ajiye ba. Kafin in buɗe baki ya tsinke liƙin da farce, ya riƙe bakin takardar ya saki kwarkwaron. Fim ya zubo har ƙasa, yana lilo a hasken rana.

Ya kai hannu zai ɗauki wani. Nan na kama wuyan hannunsa da hannuwana biyu na danne a kan tabur. Iyakar abin da na yi ke nan. Hularsa tana kansa. Na ce da Faransanci, da ƙarfi yadda Baturen kamfani da ke rubutu a ƙuryar rumfa zai ji, "Wannan kayan gwamna ne. Ka kashe ɗaya a gaban shaidu. In ka taɓa na biyu, sunanka zan buga da hannuna in kai Yamai yau."

Jandarman ya dube ni. Ya ce, "Sake ni." Na ce, "Janye hannunka tukuna." Ya janye, na sake.

Ya ce shi dole ya tabbatar ba takarda ko zinariya a cikin sauran. Na ce to, akwai hanya. Na ciro jakar duhu, na zuba biyar ɗin a ciki, na zuge. Na zura hannu ta ɗaya hannun rigar, na nuna masa ɗayan. "Sa hannunka. Zan sassauta kowanne, ka lalluba da yatsa. Ido ne kawai ba a yarda ba."

Ya ja da baya. "In sa hannu a inda ba na gani? Ke, ni za ki yi wa asiri?"

Sai muryar Gwaggo daga waje, tana riƙe da ƙullin daddawa: "Ikon Allah! Namiji da bindiga a ƙugu yana tsoron jakar mata. Sa hannu mana, ɗan samari, ba ta cizo. In ta cije ka ni zan yi maka tofi."

Leburori suka fashe da dariya, har Baturen ya ɗago. Kunya ta sa ya zura hannun. Muka tsaya fuska da fuska kamar masu ciniki a ƙarƙashin riga, ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya a cikin duhu, ina riƙe da bakin kowanne don kada ya kwance. Gumi yana ɗiga daga gashin bakinsa. Da ya gama biyar ya zare hannu ya goge a wando ya ce, "Ba komai. Wuce."

Na sunkuya na ɗauki wanda ya mutu. Na juya takardarsa. Lamba huɗu.

Na ɗaga kai ina neman Malam Ilu. Sai ga shi ya matso da man shanun da ya karɓa daga hannun Gwaggo, fuska cike da tausayi.

"Subhanallahi, Madmazel, abu bai yi daɗi ba. To man shanun jegon fa? A hannu za a riƙe."

Na ce, "Riƙe shi a naka hannun, Malam."

Na mayar da biyar ɗin gwangwani, na sake liƙewa, na shirya jaka yadda aka koya mini. Gwaggo ta gama mayar da saƙonni a akwati, ta ɗaure shi da igiyar da ta roƙa a wurin lebura. Na je zan yi mata sallama, na gaya mata abin da ke cikin fim ɗin. Ta ce, "Da kin ce mini ran mutane ne a ciki, da a zanena zan ɗaure shi. Kin mai da ni bare a gidana." Ta juya ta tafi. Gaskiya ta faɗa.

A jirgi ban kalli taga ba ko sau ɗaya. Jaka a cinya, hannu biyu a kai. Mai kula da fasinja ya ce in sa ta a raga ta sama, na ce a'a. Muna yin sama kwalbar zumar ɗan kasuwar nan ta tura toshiyarta, ta malale masa a kan takardu, yana salati yana lasar yatsa. Ni lissafi nake: na uku da jandarman ya ɗauka, shi ne lamba huɗu. Ya karanta lamba ne, ko hannunsa ne ya faɗa a kai? Ya duba, na ga ya duba. Amma na farko da na biyu ma ya duba.

A Yamai wani dattijo mutumin Togo ke wanke hotunan ma'aikata, kowa Papa yake ce masa. Na ƙi barin masa fim in tafi. Na ce zan shiga ɗakin duhun da shi. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce yau za a fara. Ya dube ni ya dubi farcena da ya fashe wajen fasa kwaɗo, ya matsa mini kujera. Zafi ya taɓa su, hotunan sun fito da ɗan hazo kamar an ɗauka da asuba. Amma ga duwatsun, ga gawo bayan kowanne, ga rijiya. Lamba huɗu ma ya wanke don in gani da idona. Baƙi ƙirin, tun daga farko har ƙarshe.

Na dawo da hotuna kafin ruwan farko. Kumandan ya je wurin da kansa, aka bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya da hoto a hannu, aka kafa sababbin duwatsu. Shanun Ardo Buba suna bin hanyarsu har yau. Alhaji ya ce leburori ne suka yi kuskure shi bai sani ba, ba kuma hoton da zai ƙaryata shi. Ba a hukunta kowa ba. Malam Ilu ne ya fassara hukuncin, da murya mai daɗi. Ni aka sa wa takardar gargaɗi a fayil saboda taɓa jandarma a bakin aiki. Ni na buga ta ma, don ba wata sakatariya.

Na tambayi matar shofer ɗin kurye, ta ce ƙanwar Malam Ilu da gaske ta haihu a makon nan. Mai-Allura ya ce ba ni da hujja, in bar maganar. Babana ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To, na ɗauki zunubin. Ban ce Malam Ilu ya yi ba. Na ce ya san gwangwani ne ban gaya masa ba, kuma cikin shida lamba huɗu ce ta mutu. Muna gaisawa kullum da safe.

Abin da aikin nan ya koya mini ba yawa. Kada ka rubuta a takardar biro abin da ba a tambaye ka ba, don takarda tana da masu karatu fiye da wanda aka aika wa. Mai son ɓata maka kaya ba lallai ya taɓa su da hannunsa ba, hannun wanda ke ƙaunarka ya ishe shi, in ka bar mai ƙaunar taka a duhu. Na tsare jakata daga kowa, ban gaya wa mutum ɗaya da ya kamata in gaya wa ba. Gwaggo har yanzu in na aika gaisuwa cewa take ta ji.

Alhaji yana da gonaki a gefen burtali uku tsakanin Kwaya da Mallawa, kuma yanzu ya san itace ma shaida ne. Gatari bai fi dutse wuyar ɗauka ba. Saboda haka kwana huɗun da na yi a Yamai bayan konkur, a ɗakin Papa na yi su, ina koyon haɗa ruwan wanki da ƙidayar lokaci a duhu. Na taho da garin maganin wankin da tasoshi uku a jakar hannuna, a cinyata. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya bayan biro, mai taga ɗaya. Na gaya wa Mai-Allura ina so, ya ce sai ya yi tunani. Na ce ya yi tunaninsa, ni na riga na sa an toshe tagar da laka. Ran Asabar zan tafi Damagaram in durƙusa wa Gwaggo, in ta huce in roƙe ta baƙin zanenta mai kauri na labulen ƙofa. Ran Litinin zan ɗauki kyamara in fara daga burtalin Mallawa, dutse bayan dutse. Fim ɗin Magariya ya gama hawa jirgi.